Abin da Ke Ɗiga a Ƙarƙashin Motar Babana

Ku da kuka cika mini waya da tambaya, "Nereida ina hoton rigar? Nereida yaya aka ƙare da baƙin?", ku yi haƙuri, babu hoto. Rigar ko ledarta ban cire ba. In kuna cin abinci ku ajiye cokali tukuna, don labarin yau yana da wari, kuma ba zan fesa masa turare ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, Nereida Barraza nake, 'yar Somerton, nan kudu da Yuma. Mu biyu ne a gida, ni da mahaifiyata Doña Ofelia. Babana Don Eleazar ya rasu. Makanikin motocin tafi-da-gidanka ne, irin waɗanda tsofaffin arewa suke gudo mana sanyi a cikinsu duk shekara. A hannunsa na koyi aikin, da shi kuma nake ci yanzu. Abin da ya bar mini shi ne akwatin kayan aikinsa da tsohuwar motarsa, fara mai ratsin ruwan ƙasa, da gadonta da kicin da banɗaki. Gorda yake ce mata, wato Lukuta. A cikinta na yi rarrafe.

Sai Leandro Urías, wanda na ishe ku da labarinsa. Dogo, riga kullum a goge, baƙar malafa, da farar a-kori-kura da ba ka ganin ƙura a jikinta. Shi ke kula da masu yankan latas a gonar babansa. Ranar Lahadin nan da ta wuce ce aka sa iyayensa za su zo neman aurena.

Tun da safe gidanmu ya gauraye da ƙamshin jan barkono da naman sa. Mama da ƙanwarta Tía Chayo sun ja tebur tsakiyar kicin suna naɗa tamale a ɓawon masara, kowane da zaitun ɗaya a cikinsa. An cire ledar da ke lulluɓe da kujerun falo, abin da rabon a yi tun jana'izar Baba. An goge hotonsa an kunna masa kyandir. Ni kuwa an ajiye ni gefe kamar 'yar tsanar kanti, kaina cike da robobin naɗe gashi, farcena an shafe shi da ruwan hoda har da 'yan duwatsu masu ƙyalli.

"Kada ki taɓa komai," in ji Mama. "Yau ɗaya dai ki zama mace."

"Da can mece ce ni?"

"Da can ƙanin babanki ce ke," Tía Chayo ta ce, ta kwashe da dariya har ƙullu yana zuba daga cokalinta. "Ɗan masu gona zai ɗauke ki da baƙin mai a wuya, ki gode wa Allah ki kama bakinki."

Mama ba ta yi dariya ba. "Dubi sa'o'inki, mija, 'yata. Suna kai yara makaranta, ke kina kwance a ƙarƙashin bayan gidan tsofaffi. Yaron nan in ya kuɓuce miki, wa kike ganin zai zo?"

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Sarauniyata, yau ce fa. Koriyar rigar za ki sa ko? So nake mahaifiyata ta ga abin da na gani."

Na yi ta murmushi ni kaɗai kamar sakarya. Ina cikin rubuta masa amsa sai wani saƙon ya faɗo a kai, daga Marlys, wata tsohuwa 'yar Minnesota da ita da mijinta Vern suka daɗe suna kawo wa Baba gyara.

"Nereida, wannan ba motar babanki ba ce? Ta kwana biyu kusa da mu a jejin wajen dam. Tankin bayan gidanta yana ɗiga, Vern ko karyawa ya kasa saboda ɗoyi. Ki taimake mu, 'yar nan."

Ta haɗo da hoto.

To ku ji. Tun ƙarshen zafi Leandro ya karɓi makullin Gorda, ya ce zai kai ta garejin wani abokinsa a San Luis a yi mata sabon fenti. Kyautar aure ce, a cikinta za mu yi yawon amarci har bakin teku. "Amma kada ki leƙa sai an gama, ki bar ni in burge ki." Ni da ba na barin kowa ya taɓa mata ko madubi, na ɗauki makulli na ba shi ina jin daɗi.

Na ƙara girman hoton. Ga lotsawar da na yi mata a baya ranar da Baba yake koya mini ribas. Babu wani fenti.

Na rubuta masa, "Ina Gorda?"

Nan take ya amsa. "Tana wurin fenti mana. An yi mata shafin farko, sai kin gani. Lafiya?"

"Lafiya lau. Kewarta nake."

Na miƙa wa Mama wayar. Ta duba, ta kawar da kai da sauri ta ci gaba da shafa ƙullu.

"Motoci nawa ne irinta a jejin nan? Je ki kwanta fuskarki ta huta."

"Mama, tawa ce. Ƙila abokin nasa ne yake sa mutane a ciki Leandro bai sani ba."

"To ba yau ba. Ba inda za ki."

A lokacin na ɗauka farcen take ji wa tsoro. Na ce mata zan je karɓo kek ɗin da aka yi mana oda, na ɗaura kallabi a kan robobin, na zura rigar aiki, na ɗauki akwatin kayan aiki, na zare ɗayan makullin Gorda daga ƙusar bayan ƙofa, na tada ƙaramar motata. Ina jin Tía Chayo tana ƙwala mini kira daga taga, "Kek ɗin da sifana ake karɓo shi?"

Tun kafin in ga Gorda hancina ya gan ta. Tana fake tsakanin wasu busassun ƙayoyi, an buɗe mata rumfar gefe. An ja igiya daga madubinta zuwa wani icce, an shanya 'yan riguna ƙanana da safa wadda ba ta kai yatsana ba. Ga fure a gwangwanin tumatir a bakin ƙofa. Ga baho na roba.

Marlys ta fito daga tasu motar da gajeren wando da hular rana, ta rungume ni.

"Kai, wannan kwalliya fa? Biki za ki?"

"Wa ke ciki, Marlys?"

"Wata yarinya ce da jaririnta, ba ruwanta da kowa. Ta tafi ɗebo ruwa. Ni na ɗauka kin sayar ne, har na ce wa Vern, Eleazar zai juya a kabarinsa."

Makulli yana aljihuna amma ban buɗe ba. Ɗakin mace ne yanzu, ko da motar tawa ce. Na shimfiɗa kwali, na sa safar hannu, na shige ƙarƙashi.

Tankin ƙazanta yana daidai ƙasan banɗaki. A bakinsa akwai bawul, wani faifai ne da ke zamewa tsakanin zobban roba biyu. Ka ja mariƙinsa ya buɗe, ka tura ya rufe. In wani abu ya maƙale a hanyarsa ba zai rufe ruf ba, sai ya yi ta tsiyaya. Na tura mariƙin, ya tafi ya cije kafin ya kai ƙarshe. Murfin bakin bututun ma ya tsage, ƙasan wurin ta jiƙe ta yi baƙi, ƙudaje sun yi sansani. Ni da hannuna na wanke tankin nan tas kafin in ba da makulli. Takaici ya kama ni har idona ya kawo ruwa, amma a raina abokin Leandro nake zagi.

Vern ya turo mini tankinsa mai taya da ake kwashe ƙazanta da shi, yana toshe da hanci da gefen rigarsa. "Allah ya yi miki albarka, yarinya. Ni na koma can nesa in yi miki addu'a."

Na ɗaura tiyo, na ja mariƙin, abin ya fara tafiya da ƙyar. Ina nan kwance sai na ga ƙafafu sun tsaya a gefen motar, silifa shuɗi, da jarkokin ruwa biyu a kan keken jariri. Mai ƙafafun ta durƙuso ta leƙo. Siririya ce, ba za ta kai ni shekaru ba, da doguwar kitso guda har gadon baya, ta saɓa yaro a kafaɗa.

"Ke ce mai gyaran da ya turo? Na gode wa Allah! Na yi magana har na gaji. Sannu, señora. Idalia sunana."

Na ce mata ta shiga ta riƙa zuba ruwa a masai, bokiti bayan bokiti, sai na ce ya isa. Ta yi ta zubawa, ni ina kallon abin da ke wucewa ta tiyo har ya fara yin haske. Da na ce ya isa ta fito ta zauna a ƙasa kusa da kaina, ta ɗora yaron a cinya. Da gani ta daɗe ba ta samu abokin hira ba.

Noti huɗu ne suke riƙe da bawul ɗin, duk sun yi tsatsa. Na fesa musu mai, na sa sifana. A na farko farcena ɗaya ya karye har nama. Na ciji leɓe na juyo da kai, a nan ne na lura da rigar da ke jikinta. Rigar maza ce mai gidan dara, ja da baƙi, ta naɗe hannuwan. Maɓalli na biyu daga sama da koren zare aka ɗinka shi. Ni na ɗinka shi, a falonmu, don baƙin zaren Mama ya ƙare a ranar.

"Wa kika ce ya turo ni?" na tambaya. Muryata ta fito daidai, har na yi mamaki.

"Leandro mana, baban Tadeo." Ta ɗaga hannun yaron tana kaɗa mini shi. "Tadeo, gai da señora. Ka ga mace mai ƙoƙari."

Na kwance noti na biyu. Na kwance na uku. 

"A gonarsu kuka haɗu?"

"Eh, ina cikin masu sa latas a kwali. Da cikina ya fito aka sallame ni daga ɗakin da muke haya mu shida, shi ne ya kawo ni nan. Ya ce in an gama yankan bana zai kai ni wurin iyayensa. Babansa mai zafi ne, sai a hankali." Ta goge wa yaron baki da gefen rigar. "Yau ma ba zai zo ba, wai suna da taron dangi."

"Motar tasa ce?"

"A'a, ta wata 'yar gwaggonsa ce." Ta rage murya kamar mai tsoron kada a ji. "Baiwar Allah, wai tun da babanta ya rasu kanta bai koma daidai ba. Ba ta son aure, ba ta son mutane, sai ƙarafa. Ya ce ko a hanya na gamu da ita kada in yi mata maganar motar, sai ciwon ya tashi."

Na cire noti na huɗu, na sa ƙarfe na ɓamɓare bakin bututun, na zaro bawul ɗin. Ragowar abin da ke cikin tankin ya kwararo ta saman safar hannuna, ya bi hannun rigata har hammata. Ban ko motsa ba.

"Wayyo, sannu!" Idalia ta miƙe da sauri. "Bari in kawo miki ruwa da sabulu. Kin ci abinci kuwa? Akwai sauran miyar da Doña Ofelia ta kawo."

Jama'a, da na ce muku na ji sunan Leandro na daure, gaskiya na faɗa. Wannan ne ya sa sifana ta faɗo mini a ƙirji.

"Wa?"

"Doña Ofelia, mahaifiyar mai motar. Mutuniyar kirki. Duk mako sai ta zo da miya, ta yi wa Tadeo wanka, ta koya mini yadda ake ɗaure masa ciki. Ga tukunyarta ma ban mayar ba."

Ta shiga ta fito da ita don in gani. Shuɗiyar tukunyarmu ce mai kunne ɗaya. A gindinta ga harafin da Mama take rubutawa da jan farce a duk kwanon da zai fita daga gidanmu, don kada maƙwabta su riƙe.

Na san kuna cewa da ku ne da kun fito kun yi ihu. Ni ban iya ba. Na kalli ramin da na buɗe a ƙarƙashin motar, na kalli yaron da ke miƙa hannu zai damƙi ƙasar wurin, na ce mata, "Janye shi daga nan." Na ci gaba da aikina.

Abin da ya toshe bawul ɗin tsumman goge jarirai ne, irin na leda mai danshi, sun dunƙule sun cusu a hanyar faifan har sun yage zoben roba ɗaya. Na zare su na jefa a bokiti. Ina da sabon bawul a mota, irin abin da ba na rabuwa da shi. Na kankare bakin bututun biyu, na shafa wa sababbin zobban giris, na zaunar da kowanne a gurbinsa, na zura bawul ɗin a tsakani a hankali don kada zoben ya goce. Na mayar da notunan, ina ɗaure wannan kaɗan in tsallaka na kishiyarsa, ban matse da ƙarfi ba don robar tana iya tsagewa. Hawaye yana bin gefen idona yana shiga kunnena, ba hannun gogewa.

"Ƙara zuba ruwa," na ce.

Ta zuba. Na sa busasshen kwali a ƙasa na jira. Ko ɗigo. Na ja mariƙin, na tura, ya tafi sumul har ƙarshe.

"Kada ki ƙara jefa tsumman nan a masai. Ki sa a leda."

"To, señora. Ban sani ba ne, ba wanda ya faɗa mini."

Na wanke hannu, na zagaya bayan motata na kira Mama. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Ina kike? Sun kusa tasowa, ke ko wanka ba ki yi ba!"

"Ina riƙe da shuɗiyar tukunyarki."

Ta cikin wayar ina jin tafasar tukunyar tamale, ina jin Tía Chayo ta daina surutu.

"Dawo gida, mija. Mu yi magana a gida."

"Tun yaushe kika sani?"

"Jaririn ba shi da laifi. So kike in bar shi da yunwa a jeji?"

"Ba shi na tambaye ki ba. Tun yaushe?"

Ta ja numfashi. "Shi da kansa ya zo ya durƙusa a gaban hoton babanki yana kuka. Kuskure ne, ya riga ya faru. Yarinyar za ta koma garinsu in an gama yanka, zai riƙa kula da yaron daga nesa. Ke ya zaɓa, Nereida. Ke zai kai coci."

"A motar Baba, Mama? A gadon da Baba ya yi jinya? Kuma ya ce mata ni mahaukaciya ce!"

"Ke dai kullum Baba, Baba." Muryarta ta canza, ta yi kaifi irin wanda ban taɓa ji ba. "Kina tsammanin lokacin da yake tafiya garin Quartzsite aiki lokacin sanyi shi kaɗai yake kwana a gadon nan? Ni na wanke zannuwan in ya dawo. Na yi shiru, na riƙe gidana, na raine ki. Da na yi irin haukar da kike shirin yi, da a ina za ki tashi? Ki zo ki yi wanka ki sa rigarki."

Na kashe wayar. Na daɗe tsaye ina kallon Gorda, tagar gefen gadon da labulen da ni da Baba muka zaɓa. Ko gaskiya ta faɗa, ko don ta karya ni ne, ban sani ba. Abin da na sani, a rana ɗaya ta karɓe mini mai rai ta haɗa da mamaci.

Idalia tana zaune a matakalar ƙofa tana shayar da yaron, ta zuba mini miyar a kwano ta rufe da faranti. Na durƙusa a gabanta, na kwance kallabina. Ta kalli robobin gashin ta fara dariya, sai ta ga fuskata ta tsaya.

"Sunana Nereida. Ni ce 'yar gwaggon nan mai ciwon kai. Sai dai ba mu haɗa ko kaka da shi ba. Taron dangin da ya ce miki, gidanmu za su, neman aurena."

Ta girgiza kai a hankali. "A'a. Ya faɗa mini za ki iya cewa komai."

Ban yi musu ba. Na kira shi, na buɗe muryar yadda za ta ji.

"Sarauniyata!" Ga shi nan da fara'arsa. "Yanzu muka shiga mota. Mahaifiyata ta sayo miki furanni sun fi ki tsawo. Kin shirya? Faɗa mini kin sa koriyar."

Idalia ta zare nono daga bakin yaron ba ta sani ba. Tadeo ya callara kuka.



"Nere," ya ce da wata ƙaramar murya. "Kukan wa nake ji? Ina kike?"

Na katse.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye yaron a cikin kekensa, ta cire rigar nan mai gidan dara, ta rage daga ita sai 'yar shimi, ta ninke ta da kyau, ta je ta tura ta cikin bokitin da na zuba tsumman. Ta dawo ta zauna tana rawar sanyi da rana tsaka.

"Na faɗa wa mahaifiyata an ɗaura," ta ce. "Na aika mata hoton motar na ce gidanmu ne."

Wayata ta fara ruri. Saƙonni suna shigowa a jere. "Ki tsaya in yi miki bayani." "Ba yadda kike zato ba ne." "Kada ki kunyata ni gaban babana, don Allah." "Nere ki ɗauka." Ita tata wayar, da ke kan matakala, ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Mu duka biyu muka kalle ta.

"Kina son ganin iyayen nasa?" na ce.

Ta ɗago. Idanunta sun yi ja amma a bushe suke. "Ina so."

Muka kwashe shanya, muka naɗe rumfa. Batirin Gorda ya mutu, Vern ya jawo motarsa ya ba mu wuta, bai tambayi komai ba. Marlys ta ɗaure kujerar yaron da kanta, ta cusa wa Idalia rigar sanyinta, ta ce in bar ƙaramar motata za su duba mini. Da injin ya kama, duk jikin motar ya ɗauki rawar nan da na sani tun ina yarinya. Na riƙe sitiyari da farce tara da rabi, rigata tana wari, muka hau titi.

Muka wuce gonakin latas. Sai wajen shiga gari Idalia ta ce, "Kina son sa?"

"Da safe ina son sa."

"Ni ma."

Yamma ta yi lokacin da na karyo kwanar layinmu. Farar a-kori-kurar tana ƙofar gida. Ba su riga sun shiga ba, duk suna tsaye a farfajiya: babansa da malafa a hannu, mahaifiyarsa Doña Herminia rungume da fararen furanni, Mama cikin baƙar rigarta ta zuwa coci da sarƙar gwal, Tía Chayo a bayanta. Leandro yana gefe, waya a kunne, yana kai da komowa. Maƙwabta sun fito barandarsu don ganin baƙi.

Na faka Gorda a gabansu, na danna hon ɗin nan nata mai kama da kukan saniya. Na sauko, na zagaya na buɗe ƙofar gefe. Idalia ta sauko da yaron a kafaɗa.

Abin da nake jira shi ne ihu. Ina jiran furanni su faɗi, uban ya juya ya shaƙe ɗansa. Na kwaso ƙazanta tun daga jeji don in ga wannan.

Doña Herminia ta miƙa wa mijinta furannin, ta tako a hankali, ta buɗe hannuwa, fuskarta ta narke.

"Tadeo," ta ce. "Zo wurin kakarka. Ka fi hotonka kyau."

Idalia ta ja da baya ta ƙanƙame ɗanta. "Ya aka yi kika san sunansa? Ya ce ba ku san da mu ba."

Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mutum guda da abin ya zo masa a ba-zata. Uban yana kallon takalminsa. Tía Chayo, mai dariyar safe, ta rufe baki da gefen mayafi ta sunkuyar da kai. Mama ni take kallo, ba yaron ba, tana yi mini alama da ido in shige gida in wanke jikina.

"Don Urías," na ce wa uban, "an ce kun zo neman mata wa ɗanku. Ga ta nan, har da ɗa. Kun huta da jira."

Leandro ya matso, ya rasa wadda zai fara kamawa a cikinmu. Hannu ɗaya ya miƙo mini, ɗaya ya miƙa mata. "Nere. Idalia. Ku tsaya, mu shiga ciki, mutane suna kallo."

"Ni ba na son auren," in ji Idalia. Ba ta ɗaga murya ba, amma har maƙwabta sun ji. Ta dubi Mama. "Na gode da miya, Doña."

Ta juya ta hau motar, ta zauna a kujerar gaba, ta ɗaure yaron. Ta leƙo ta taga ta ce mini, "Akwai mai a ciki?"

"Akwai."

"To me muke jira?"

Mama ta riƙo hannun rigata, wanda ya jiƙe, ta saki da sauri ta kalli tafin hannunta. "In kika hau motar nan, Nereida, kada ki ƙara cewa kina da ni."

Na hau. Leandro ya biyo mu yana dukan jikin motar da tafin hannu, yana kiran sunana, ya kira nata, ya sake kiran nawa, har malafarsa ta faɗi a titi. Na gan shi a madubi ya tsaya yana waiwayen malafar, ya koma ya ɗauka.

Sai da muka fita daga gari, gonaki suka buɗe hagu da dama, sannan Idalia ta ce, "Ina za mu?"

A gabanmu titin ya rabu biyu, ɗaya ya yi arewa, ɗaya ya nufi iyakar ƙasa. Wata babbar mota tana bayanmu tana danna mana hon, ni kuwa ƙafata tana kan birki, ban sa sigina ba.